Daga agana zuwa korona: ciwon da Maraɗi ta ji wa tsoro da wanda ta raina



Akwai wata magana da ake yawan jifan mu da ita, musamman a bakin ma'aikata da mutanen ƙungiyoyi: wai mutanen Maraɗi ba su son riga-kafi, ba su jin gargaɗin likita. Lokacin korona maganar ta ƙara ƙarfi. Takunkumi yana aljihu ko yana rataye a haɓa, gaisuwa da hannu ba ta fasa ba, biki da suna da zaman makoki kowa ya ci gaba da abinsa. To amma duk wanda ya san tarihin garin nan ya san mutanen nan su ne suka sha yin layi cikin rana, da goyo a baya, suna roƙon a yi musu lamba. Mutanen ba su canza ba. Abin da ke canzawa shi ne ciwon, da yadda ido ya gan shi, da kuɗin da kariyar za ta ci.

Mu fara da agana, tunda ita ce tsofaffinmu ke ɗauke da shaidarta a damtse. Agana ba ta buƙatar mai shela. In ta shiga gida kowa ya gani, in ta bar mutum da rai ta bar masa zane a fuska, wani ta tafi da idonsa. Tun kafin zuwan Nasara, a ƙasar Hausa an san dabarar tsaga fatar mai lafiya a shafa masa ruwan ƙurjin wanda ya kamu, ya yi ɗan ciwo kaɗan ya tsira daga babba. Dabara ce mai hatsari, don wani kan mutu da ita, wani ya ɗauka ya baza. Duk da haka iyaye suna kai 'ya'yansu da kansu, ba kwamanda ba dogari, saboda sun auna sun ga abin da suke gudu ya fi abin da suke tara. Da aka fara babban yaƙi da agana a Afirka ta Yamma a 1967, da wata bindigar allura da ake takawa da ƙafa, cikin shekara uku da 'yan watanni an gama da ita a yankin nan baki ɗaya. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a duniya ɗan Somaliya ne, a 1977, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce agana ta ƙare.

Sanƙarau ma haka. Mu da ke cikin yankin da masana suka yi wa laƙabi da ɗamarar sanƙarau, daga Senegal har Habasha, mun san lokacinta kamar yadda muka san lokacin shuka: in hunturu ya ja, ƙura ta yi yawa, zafi ya fara. Yaro ya kwana lafiya, da hantsi kai na sara, kafin magariba wuya ya sandare. Wanda ya tashi, sau da yawa ya tashi kurma. A 1995 ta kama mutum wajen dubu 40 a Nijar cikin 'yan watanni. A wannan shekarar ce kuma aka gano cewa wani kaso na allurar da aka kawo kyauta daga Najeriya ta jabu ce, babu maganin a ciki, kuma an riga an yi wa dubban mutane ita kafin ma'aikatan MSF su lura. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa. Abin lura shi ne, duk da wannan ta'asa, mutane ba su daina neman lambar sanƙarau ba. Da sabuwar allurar MenAfriVac ta zo a 2010 da 2011 an karɓe ta hannu bibbiyu, kuma irin sanƙarau ɗin da ta fi kashe mu a da ta kusa ɓacewa. A 2015 wani iri daban ya ɓarke, ya kama sama da mutum 8,000, ya kashe sama da 500. An rufe lakwal a Yamai, allura ta yi ƙaranci, magidanta suka riƙa cika ƙofar farmasi suna saye da kuɗin aljihunsu. Ba wanda ya yi musu wa'azi. Sun ga gawa.

Yanzu ku dubi shan inna, wadda labarinta ya bi wata hanya. Ko sunanta ya isa ya nuna yadda kakanninmu suka fahimce ta: Inna ce ta sha ƙafar yaro, aikin iska ne, maganinsa yana wajen masu bori. A Tsibiri ma ai sarautar da ke riƙe da sha'anin bori a fadar Gobir sunanta Inna, a Maraɗi kuma Iya. Sannan ciwon kansa ɓoyayye ne. Cikin yara kusan 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai take shanyewa, sauran su yi ɗan zazzaɓi ko ma ba komai, su ci gaba da baza ta. Ke nan a unguwa guda sai a shekara ba a ga sabon gurgu ba. Ga kuma masu ɗigo suna ƙwanƙwasa ƙofa sau da yawa a shekara, kyauta, har ɗaka. Uwar da ta kai ɗanta likita da zazzaɓin cizon sauro aka rubuta mata takardar sayen magani, ita ce aka biyo har gida da maganin ciwon da ba ta taɓa gani a ɗakinta ba. In ta tambaya ko lafiya, ba wauta ta yi ba.

Kuma tambayar ta samu abin tsayawa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a kan ko iyayen sun san gwaji ake yi, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Da 2003 ta zo, Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da ɗigon shan inna bisa zargin yana hana haihuwa, sai a Yulin 2004 Kano ta dawo. Tsakanin Maraɗi da Katsina kuwa me ya raba? Kasuwa ɗaya, aure ɗaya, kaset ɗin wa'azi ɗaya, rediyo ɗaya. Jita-jitar ta tsallako ta Ɗan Isa ba tare da an duba mata takarda ba, ƙwayar cutar ma ta biyo ta, aka sake ganin yara shanyayyu a wannan gefen. Abin da ya gyara lamarin a nan shi ne shigowar sarakuna da limamai, masu unguwa suna gaba masu ɗigo na biye, sarki ya ɗiga wa ɗan gidansa a gaban jama'a. A 2006 aka cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ke da gindin zama, a Agustan 2020 kuma aka ce Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Tsoron ciwon bai ƙaru ba a wancan lokacin, tsoron maganin ne aka rage.

To da wannan tarihin a ka korona ta same mu.

Ranar 17 ga Maris 2020 Shugaba Issoufou Mahamadou ya ba da sanarwar rufe iyakoki da filayen jirgi da makarantu. Ranar 19 aka sanar da mutum na farko, a Yamai, ma'aikacin wani kamfanin sufuri da ya biyo ta Lome da Akra da Abijan da Wagadugu. Aka hana sallar jam'i. Ƙarshen watan aka kafa dokar ta-ɓaci, aka killace Yamai, aka sa mata dokar hana fita da dare. Kowa ya tuna makonnin farko: akwai tsoro na gaske. Hotunan Italiya suna yawo a WhatsApp, motocin soja ɗauke da akwatunan gawa. An ajiye bokiti da sabulu a ƙofar banki da shaguna, teloli suka koma ɗinkin takunkumi, wasu tsofaffi suka daina miƙa hannu. Wannan tsoron na aro ne, daga waya aka ɗauko shi, kuma tsoron aro ba ya daɗewa in ido bai tabbatar da shi ba.

Ido kuwa bai tabbatar ba. Mako ya wuce, wata ya wuce, masu haƙar kabari a Maraɗi ba su ga abin da aka ce za su gani ba. Sunayen da aka ji na manya ne. Ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ya rasu ranar 3 ga Mayu, a Najeriya kuma Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Buhari, ya rasu ranar 17 ga Afrilu. Sai aka yanke hukunci a fada da tashar kabu-kabu: ciwon masu hawa jirgi ne, ciwon masu kwana cikin sanyin na'ura, zafin Afrilu na Maraɗi ya fi ƙarfinsa. Lissafin hukuma ma ya taya su. Daga farkon annobar har ƙarshenta, waɗanda aka tabbatar sun kamu a Nijar duka ba su kai dubu goma ba, waɗanda suka mutu ɗari uku da 'yan kai, kuma mafi yawansu a Yamai. Zazzaɓin cizon sauro kuwa dubbai yake ɗauka kowace shekara, yawanci yara, yawanci cikin damina, kuma ba a taɓa rufe masallaci dominsa ba.

Ga kuma farashin kariyar, wanda shi ne masu ba da umarni suka fi mantawa. Wanke hannu ba tsada, mai alwala sau biyar ba baƙon ruwa ba ne. Amma "zauna gida" fa? Mai turin kura, mai tallan fura, matar Jiratawa da ta yanko zogale daga fadama za ta kai kasuwa kafin ya yi yaushi, ɗan kabu-kabu da mai babur ke jiran kuɗinsa da yamma, duk wanda ya zauna yau bai ci gobe ba. Kada a manta kuma tun Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, kuma ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Garin da ke numfashi ta hanyar Jibiya da Katsina da Kano ya riga ya shaƙe wata bakwai kafin korona ta iso. Mutum yana da tsoro biyu a gabansa, ɗaya a rediyo, ɗaya a tukunya, ba sai an tambayi wanda zai fi saurara ba.

Abin da ya fi ɓata lamarin, a ganina, shi ne rufe masallatai alhali kasuwanni na ci. Ana iya kawo hujja: kasuwa a sarari take, in an rufe ta yunwa ce. Malamai da dama ma sun goyi bayan matakin, suka tunatar da yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Amma talaka bai ga hujja ba, ya ga ana cinkoso a kasuwa ranar Juma'a da safe, da azahar kuma an ce kada a yi sahu. A Mirya ta jihar Damagaram rikici ya tashi tun cikin Maris, a Yamai matasa suka yi ta ƙona tayoyi cikin Afrilu ana gab da azumi, aka kama mutane da yawa. Kafin nan ma, ranar 15 ga Maris, an hana wata zanga-zanga a Yamai kan badaƙalar kuɗin sayen makamai da sunan hana taro saboda korona, har aka yi asarar rayuka. Daga ranar wasu suka ɗaura wa cutar rigar siyasa, ba su kuma cire mata ba. Ranar 13 ga Mayu aka buɗe masallatai. Da Disamba ta zo, lokacin da alƙaluman masu kamuwa suka sake hawa, 'yan siyasa na kowane ɓangare suna tara dubban mutane a fili suna yaƙin zaɓe, kafaɗa da kafaɗa. Bayan wannan, wa zai tsaya ya ce wa mai shayi ya ja kujerunsa nesa da juna?

Allura ta iso a Maris 2021, Sinopharm ta China guda 400,000, sai AstraZeneca ta shirin COVAX a Afrilu. Kyauta, ga ta a likita, ma'aikata na zaune suna jiran mutane. Tsohon zargin nan na hana haihuwa ya farka, ya samu sabon doki, wato saƙon murya na WhatsApp, wanda ko wanda bai yi lakwal ba zai saurara ya tura. Su wa suka je da ƙafarsu? Ma'aikatan lafiya, wasu masu hawan jini da ciwon suga da likitansu ya tsorata su, sai kuma matafiya. Hajjin 2020 da na 2021 ba a bar na waje sun je ba. Da aka buɗe a 2022 Saudiyya ta ce sai mai karnen lamba, kuma sai wanda bai kai shekara 65 ba. Nan take alhazan da suka rantse ba za a huda su ba suka nemi inda ake yi. Ba korona suka ji wa tsoro ba, kujerar Makka suka ji kada ta kuɓuce. Ni dai ban ga abin dariya a nan ba, don shekara da shekaru maniyyata na karɓar lambar sanƙarau da ta shawara ba gardama, bisa wannan dalilin dai.

In ana son ganin bambancin a fili, a dubi kwalara, don ta zo mana sau biyu, kafin korona da kuma tsakiyarta. A farkon Yulin 2018 aka kawo mutum uku 'yan gida ɗaya daga Jibiya zuwa likitar N'Yalwa a gundumar Madarumfa, gundumar da Jiratawa ke cikinta. Kafin shekara ta ƙare ta kama mutum sama da 3,500, mafi yawansu a Madarumfa da birnin Maraɗi, ta taɓa Gidan Runji, gundumar Tsibiri, ta kashe sama da 70 a ƙasar. A 2021 ta dawo da ƙarfi tare da ambaliyar damina, sama da mutum 5,000 a ƙasa baki ɗaya, sama da 150 suka mutu, jihar Maraɗi ce kuma ta fi kowa yawan masu kamuwa. A wannan daminar, allurar korona na kwance cikin firji ba mai tambaya, amma ruwan jabel da ƙwayar tsarkake ruwa nema ake yi. Mata suka daina sayen kwaɗo da latas a bakin hanya, aka riƙa tafasa ruwa, wanda gudawa ta kama da dare ba a jira safiya, a ɗora shi a babur. Kwalara tana zuƙe ƙato cikin yini ɗaya, idonsa ya faɗa, fatarsa ta yamutse a gaban iyalinsa. Gani ya kori ji. Kuma abin da ake nema daga mutum ƙarami ne, bai hana shi kasuwa ba, bai hana shi sallah ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa mizanin ido daidai yake kullum. Yana da makanta, kuma korona ta bi ta wajen makantar. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, cutar kuwa tsofaffi take kayarwa. Yaro ya kamu ya yi mura ya warke, ya kai wa kakarsa. Tsohuwa ta yi tari kwana biyar, numfashi ya yi wuya, ta cika, a ce wa'adi ne, a yi mata sutura kafin la'asar. Ba gwaji, ba takardar mutuwa, ba ta shiga lissafin kowa ba. Kano ta nuna mana haka a Afrilun 2020, lokacin da masu haƙar kabari suka fara ƙorafin gawa ta yi yawa, manyan malamai da dattawa suna ta tafiya a jere, gwamnati na cewa ba korona ba ce. Daga baya ministan lafiya na Najeriya ya ce an ƙirga mutuwa 979, kuma rabi ko fiye da haka korona ce sanadi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da binciken jini da ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Afirka ƙwayar ta riga ta shiga jikinsu tun Satumbar 2021, wajen mutum miliyan 800, alhali a takarda miliyan 8 da 'yan kai aka rubuta. Mai cewa korona ba ta zo Maraɗi ba, mai yiwuwa shi kansa ta kwana a ƙirjinsa. Duk wanda ya rasa dattijo a hunturun 2020 da tari da sarƙewar numfashi yana da damar ya sake tunani a kai.

Makanta ta biyu ita ce latti. In sai an ga gawa za a motsa, to gawar farko da ta goma sun riga sun tafi. Da agana da kwalara wannan lattin ana iya cim masa, don ciwon yana bayyana da wuri, ana ganin mai shi a kauce. Ciwon da mai ɗauke da shi ke yawo garau yana gaisawa da mutane, kafin ido ya gamsu ya gama zagaya gari.

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama annobar gaggawa. A nan ko a jikinmu, bokitan ƙofar shaguna sun daɗe da komawa na wanki. A daidai lokacin kuwa mashaƙo na cin yara a Kano tun ƙarshen 2022, cikin Yulin 2023 kuma ya ɓulla a Matamai, nan gabas da mu cikin jihar Damagaram. Ciwo ne da ke toshe maƙogwaron yaro da wata farar fata har numfashi ya gagara, kuma yawancin iyayen yanzu ba su taɓa ganinsa ba, saboda lamba ta daɗe da danne shi. Riga-kafinsa yana cikin allurar penta, wadda ake yi kyauta a kowace likitar unguwa, daga Zariya da Ali Ɗan Tsoho har Tsibiri da Danja. Sharaɗinta dai uwa ta ɗauki jariri lafiyayye, wanda ko mura ba ya yi, ta bar daka da talla, ta kai shi sau uku: yana da mako 6, da mako 10, da mako 14.